IMAM ƊABARI: MALAMIN DA YA BAI WA KOWANE LOKACI AIKINSA

 Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a filin tarihin magabata na wannan fitowa mun kawo muku rayuwar wani babban malami wanda da yawanku sun sha jin sunansa. Duk mai zuwa wurin tafsiri da azumi ya taɓa jin malam yana ambaton Ibnu Jarir idan ya zo bayanin wata aya. To, wannan Ibnu Jarir shi ne Abu Ja'afar Muhammadu ɗan Jarir ɗan Yazidu, wanda aka fi sani da Imam Ɗabari, Allah Ya jiƙansa.

Shi kaɗai ya rubuta tafsirin Alƙur'ani wanda aka buga cikin juzu'i 30, ya kuma rubuta tarihin duniya tun daga farkon halitta har zuwa zamaninsa, ban da littattafan fiƙihu da hadisi da ƙira'a. Ya yi wannan aiki a garin da zafinsa ke kai wa mutum karo, babu lantarki, babu fanka, babu injin buga takarda, daga shi sai alƙalami da tawada. Ta yaya mutum ɗaya ya iya haka? Ban da baiwar da Allah Ya ba shi, amsar tana cikin yadda ya tsara yininsa da darensa da shekararsa. Wannan tsari shi ne muke so mu duba tare.

HAIHUWARSA DA TASHINSA

An haifi Imam Ɗabari a ƙarshen shekara ta 224 ko farkon 225 bayan Hijira, wato 839 Miladiyya, a garin Amul na lardin Ɗabaristan, kudu da tekun Kasbiyan, cikin ƙasar Iran ta yau. Daga sunan lardin ne ya samo laƙabinsa. Ƙasa ce mai ni'ima, ga ruwan sama, ga dazuzzuka da gonaki. Mahaifinsa Jarir mai rufin asiri ne, yana da gonaki daidai gwargwado.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. An ruwaito cewa yaron ya haddace Alƙur'ani yana da shekara 7, ya ja mutane salla yana da 8, ya fara rubuta hadisi yana da 9. Da mahaifinsa ya ga inda ɗansa ya dosa, sai ya yi abin da ba kowane uba ke iya yi ba: ya sallame shi ya tafi neman ilimi yana ɗan shekara 12, ya kuma ɗauki alkawarin aika masa da guzuri duk garin da ya sauka. Bai fasa wannan aike ba har ƙarshen rayuwarsa.

GUDU TSAKANIN MALAMAI BIYU

Garin da ya fara zuwa shi ne Rayyu, kusa da inda birnin Tehran yake yanzu. Ya shafe kimanin shekara 5 a can. Babban malaminsa shi ne Muhammadu ɗan Humaid Ar-Razi, wanda ya karɓi hadisai masu ɗimbin yawa daga wurinsa, har da littafin Sira na Ibnu Is'haƙ. Wannan dattijo yana da wata ɗabi'a: yakan fito wa ɗalibansa cikin dare, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ya tambaye su abin da suka rubuta, ya sake karanta musu don a gyara kuskure. Saboda haka tun yana ƙarami Ɗabari ya saba da cewa abin da aka rubuta da rana ba a kwana sai an yi bitarsa.

Akwai kuma wani malami a wani ƙauye da ke gefen Rayyu, Ahmadu ɗan Hammad Ad-Dulabi. Ɗabari da abokansa sukan je ƙauyen su ɗauki darasi, suna gamawa sai su sheƙo a guje kamar waɗanda aka koro, don kada majalisin Ibnu Humaid ya wuce su. Kun ji fa, yaran da ke gudu don kada su makara, alhali babu mai tsaye da bulala a ƙofa.

BAGADAZA, BASRA DA KUFA

Daga Rayyu ya nufi Bagadaza da burin ya yi karatu wurin Imam Ahmadu ɗan Hambali, amma Allah bai ƙaddara haɗuwarsu ba, domin Imam Ahmadu ya rasu a 241 (855) gab da isowarsa. Bai zauna yana juyayi ba. Ya ɗauki abin da ya samu wurin malaman birnin, sannan ya gangara Basra da Wasiɗ da Kufa.

A Kufa akwai wani malamin hadisi mai tsanani, Abu Kuraib Muhammadu ɗan Ala'i. Wata rana ɗalibai sun taru a ƙofarsa suna neman shiga, sai ya leƙo ta taga ya nemi wanda zai iya kawo da ka abin da suka rubuta daga gare shi. Kowa ya dubi ɗan'uwansa, daga ƙarshe suka juya ga Ɗabari. Shi kuwa sai ya shiga jerowa, hadisin da aka ba su ran kaza da wanda aka ba su ran kaza. Daga ranar malamin ya ja shi a jiki duk da ƙuruciyarsa. Wannan hadda ba daga sama ta faɗo ba, ribar bitar dare ce da ya koya a Rayyu.

Zaman baƙunci bai zo masa da sauƙi ba. Akwai lokacin da aiken mahaifinsa ya yi jinkiri, yunwa ta matsa masa, har ya ɓanɓare hannayen rigarsa ya sayar ya sayi abinci.

SHARAƊIN DA YA KAFA WA WAZIRI

Yana kimanin shekara 20 aka nemo shi ya koyar da ɗan Waziri Ubaidullahi ɗan Yahaya ɗan Haƙan, a kan dinari 10 kowane wata. Ga saurayi mai rigar da ba hannu, ga gidan waziri, da wani ne da ko tambaya ba zai yi ba. Amma Ɗabari bai karɓi aikin ba sai da ya kafa sharaɗi: a bar masa lokutan karatunsa, da na salla, da na hutu, kada aikin ya ci su. Waziri ya amince.

Da yaron ya fara iya rubutu a allo, mutanen gida suka yi murna, aka yi ta aiko wa malamin da farantai cike da dirhami da dinari. Ya mayar da su duka, a kan cewa an riga an yi ciniki da shi, abin da ya wuce ladan da aka yanka masa ba haƙƙinsa ba ne. Abu biyu suka bayyana a nan waɗanda bai rabu da su ba har ya koma ga Allah: tsare lokaci da wadatar zuci.

SHAM DA MISRA

Bayan haka ya bi ta Sham, ya tsaya a Bairut inda ya karanta Alƙur'ani da ruwayar mutanen Sham wurin Abbas ɗan Walid. Ya shiga Misra a 253 (867), ya zauna a Fusɗaɗ. A can ya ɗauki fiƙihun Imam Shafi'i wurin Rabi'u ɗan Sulaiman, ya ɗauki na Imam Malik da ƙira'a wurin Yunusa ɗan Abdul A'ala da wasunsa.

A Misra ne wani mutum ya zo masa da tambaya a kan aruli, wato ilimin ma'aunin waƙa, fannin da a lokacin bai ba shi ƙarfi ba. Sai ya nemi mutumin ya dawo gobe. Ya aro littafin Halilu ɗan Ahmadu wurin wani abokinsa, ya kwana a kansa, kafin gari ya waye ya riƙe fannin. Ku lura, bai yi ƙaryar sani ba, bai kuma bar jahilcin ya ƙara kwana ba.

Wajen shekara ta 256 (870) ya koma Bagadaza ya zauna. Idan kun lissafa za ku ga ya yi kusan shekara 20 yana yawon tara ilimi, sannan ya yi fiye da 50 yana zaune wuri guda yana koyarwa da wallafa. Kamar manomi ne: akwai lokacin shuka da noma, akwai lokacin girbi. Abin da ya zuba cikin manyan littattafansa da girma, yawancinsa daga takardun da ya cika da hannunsa ne tun yana saurayi. Wanda bai yi shuka da damina ba, me zai kai rumbu da kaka?

GUZURIN SHEKARA

Da mahaifinsa ya rasu, ya bar masa wani rabo na gona a Ɗabaristan. Abin da gonar ta samar yakan iso masa Bagadaza sau ɗaya a shekara, ta hannun ayarin alhazan da ke fitowa daga Hurasan su bi ta birnin a kan hanyarsu ta Makka. Ba wata dukiya ce mai yawa ba, amma ya auna cikinsa da ita, daga zuwan alhazai zuwa wani zuwan. Bai yi aure ba har ya rasu, saboda haka nauyin da ke kansa kaɗan ne. Wannan ɗan abin da yake samu ya 'yantar da shi daga zaman fada da jiran kyautar masu mulki, ya bar masa yininsa ya yi yadda ya so da shi.

YININSA A LOKACIN ZAFI

Bagadaza gari ne mai tsananin zafi. A tsakiyar lokacin zafi ma'auni kan haura digiri 45, wato ko bazararmu ta watan Afrilu sai ta sara masa. Almajiran Imam Ɗabari sun adana mana yadda yake tafiyar da yininsa a irin wannan lokaci, Yaƙutul Hamawi kuma ya kawo labarin cikin littafinsa na tarihin marubuta.

Idan ya ci abincinsa kafin rana ta take, sai ya shiga ɗakin da aka rataya wa wani yadi mai kaushi irin algarara. Mutanen Bagadaza sukan jiƙa wannan yadi da ruwa, iska ta bi ta cikinsa ta sanyaya ɗaki, kamar dai yadda jiƙaƙƙen tsumma ke sanyaya ruwan tulu. Yakan sa riga mai gajeren hannu wadda aka rina da sandal da ruwan wardi, ba a kuma rasa ɗoɗɗoya da furen bado a wurinsa. A nan zai yi ƙailula.

Idan ya farka sai ya yi sallar azahar, ya ɗauki alƙalami. Daga azahar zuwa la'asar lokacin wallafa ne, babu abin da ke shiga cikinsa. La'asar na yi sai ya fito, ya yi salla, ya zauna wa jama'a, yana karantarwa ana kuma karanta masa har magariba. Bayan magariba sai darasin fiƙihu har lisha. Daga nan ya shige gida.

Ku dubi hikimar da ke cikin wannan tsari. Na farko, bai yi kokawa da rana ba. Sa'ar da zafi ke kashe jiki ya ba ta barci, ya kuma nemi dabarar sanyaya ɗaki da abin da ke hannunsa. Na biyu, ya ajiye aiki mafi nauyi, wato rubutu, daidai lokacin da ya tashi daga barci kansa wasai, gari kuma tsit saboda kowa ya fake wa rana. Na uku, ya bar hulɗa da mutane sai da yamma, lokacin da iska ta fara kaɗawa kuma ɗalibai za su iya fitowa. Na huɗu, salloli su ne agogonsa. Kowane aiki yana da sallar da ke buɗe shi da wadda ke rufe shi, saboda haka ba ya zama yana shawara da zuciyarsa ko yau zai yi rubutu ko sai gobe. Kiran salla ya riga ya yanke hukunci.

ABINCINSA DA LAFIYARSA

Imam Ɗabari ya san cewa jiki shi ne jakin da ke ɗauke da kayan ilimi. Ya karanci likitanci, har wani almajirinsa ya taɓa ganin littafin magani mai suna Firdausul Hikma a ƙarƙashin buzun sallarsa. Yana fama da ciwon haƙarƙari mai tafiya yana dawowa, don haka yake kula da abin da zai sa a baki.

Ba ya cin kitse, sai jan nama zalla da aka dafa da zabibi. Yana guje wa riɗi da zuma. Gurasarsa ta garin alkamar da aka wanke ce. Yana shan madarar tumakin da ke kiwo. 'Ya'yan itatuwa kuwa, irin su inabi da ɓaure da ɗanyen dabino, yakan ci kowanne a lokacin nunarsa. Waɗanda suka ci abinci tare da shi sun yabi tsabtarsa da ladabinsa a kan akushi. Ba muna cewa kowa ya daina shan zuma ba ne, wannan abin da ya ga ya dace da jikinsa ne. Abin koyi shi ne mutum ya san abin da ke sa shi kasala ya rage shi. Dogo ne siriri, wankan tarwaɗa, kuma ya haura shekara 80 furfurarsa ba ta da yawa.

DARENSA DA AZUMINSA

Duk da wannan aiki, yana da ƙa'idar tilawa da ba ya ƙetarewa. An ce kowane dare yakan karanta rubu'in Alƙur'ani ko wani kaso mai yawa. Idan Ramadan ya kama kuwa, yakan ja mutane salla a masallacin unguwarsu, ga shi da murya da iya tajwidi.

Akwai labarin Abubakar ɗan Mujahid, shugaban malaman ƙira'a na Bagadaza, wanda ya tattara ƙira'o'in nan bakwai da muka sani. Wani dare cikin goman ƙarshe ya fito zai je jan tarawihi, mai riƙe masa fitila na gaba. Sai ya wuce masallacinsa, ya je ya tsaya a ƙofar masallacin Ɗabari, ya daɗe yana sauraron sa yana karanta Suratur Rahman, mutanensa na can suna jira. Da mai fitilar ya yi masa magana, sai ya nuna masa cewa bai taɓa zaton akwai mai iya karatu haka ba.

WARƘA NAWA A RANA?

Haɗib Al-Bagdadi ya kawo ruwayar cewa Imam Ɗabari ya yi shekara 40 yana rubuta warƙa 40 kowace rana. Almajiransa kuma, bayan rasuwarsa, sun ƙidaya kwanakin rayuwarsa tun daga balaga har mutuwa, suka raba yawan takardun littattafansa a kansu, sai kowace rana ta tashi da warƙa 14. Warƙa ɗaya shafi biyu ke nan, gaba da baya.

'Yan aji huɗu, ku ɗauko allo mu yi lissafi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce. Idan an ninka 14 sau 354 za a sami 4,956, kusan warƙa 5,000 a shekara ɗaya. To, a ninka wannan sau 70. Da yayyafi kogi kan cika. Ya kuma yi sa'ar zamani, domin tun mulkin Haruna Rashid ake yin takarda a Bagadaza, har akwai kasuwa guda ta masu sayar da takardu da kwafar littattafai.

MANYAN LITTATTAFANSA

Kafin ya fara tafsiri, an ruwaito cewa sai da ya yi shekara 3 yana istihara yana neman taimakon Allah. Da ya tashi farawa, ya tambayi almajiransa ko suna da kuzarin rubuta tafsiri. Suka tambayi girmansa, ya ce musu zai kai warƙa 30,000. Suka nuna masa cewa rai zai ƙare kafin a gama. Sai ya taƙaita shi zuwa kimanin 3,000. Haka aka sake yi a kan littafin tarihi, har ya yi juyayin yadda himma ta mutu. Amma ku lura, bai yi fushi ya fasa ba. Ya rage aikin zuwa gwargwadon da za a iya kammalawa, aka kuwa kammala.

Tafsirin, mai suna Jami'ul Bayan, ya yi wa ɗalibai shiftarsa daga 283 zuwa 290 (896 zuwa 903). A kowace aya yakan kawo maganganun sahabbai da tabi'ai da isnadinsu, ya duba nahawu da ƙira'a da yadda Larabawa ke amfani da kalmar, sannan ya faɗi ra'ayin da ya fi ƙarfi a wurinsa da dalilinsa. Malaman da suka zo bayansa, irin su Ibnu Kasir, sun sha daga wannan rijiya ƙwarai.

Littafin tarihin, Tarihur Rusuli wal Muluk, ya faro daga farkon halitta, ya bi ta kan annabawa da sarakunan Farisa, daga Hijira kuma ya riƙa bin shekara bayan shekara har zuwa 302 (915). A gabatarwarsa ya gargaɗi mai karatu cewa shi mai isar da abin da aka ruwaito masa ne, don haka akwai labaran da sai an auna masu ruwayarsu. Yana da Ihtilaful Fuƙaha'i a kan saɓanin malamai, da Sarihus Sunna a kan aƙida, da Tahzibul Asar a kan hadisi, wanda ajali ya riske shi bai gama ba. Ya kai matsayin mujtahidi, har aka sami mazhabar da ake kira Jaririyya, ko da yake ba ta daɗe ba bayansa.

ABIN DA YA ƘI KARƁA

Mai son ya tsare lokacinsa dole ya iya cewa a'a. An yi masa tayin alƙalanci ya ƙi, an yi masa tayin shugabancin kotun sauraron ƙorafin talakawa ya ƙi, har abokansa suka yi masa faɗa. Waziri Abbas ɗan Hasan ya roƙe shi ya rubuta taƙaitaccen littafin fiƙihu, ya rubuta, aka aiko masa da dinari 1,000 ya mayar. Halifa Muktafi ya sa ya tsara masa takardar waƙafi wadda malamai ba za su yi saɓani a kanta ba. Da aka matsa masa ya faɗi bukatarsa, abin da ya roƙa kawai shi ne a hana masu bara kutsawa cikin masallaci ranar Juma'a har sai an gama huɗuba.

A ƙarshen rayuwarsa ya gamu da jarrabawa. Wasu masu zafin kai daga cikin mabiyan mazhabar Hambaliyya a Bagadaza sun yi fushi da shi. Cikin dalilan akwai cewa bai sa Imam Ahmadu cikin jerin malaman fiƙihu a littafinsa na saɓani ba, saboda yana ganinsa malamin hadisi. Aka jefi gidansa da duwatsu, aka riƙa hana ɗalibai shiga wurinsa. Babban malamin nan Ibnu Huzaima, wanda ya karance tafsirin daga farko har ƙarshe, ya shaida cewa an zalunce shi. Shi kuwa Imam Ɗabari yana cikin gida, alƙalaminsa bai tsaya ba.

RASUWARSA

Ya rasu a Bagadaza a ƙarshen Shawwal na 310, daidai da Fabrairu 923, yana da kimanin shekara 86 a lissafin Hijira. An ruwaito cewa saura kaɗan ya cika, wani daga cikin masu dubiya ya ambaci wata addu'a da aka samo daga Ja'afarus Sadiƙ. Sai ya nemi a miƙo masa tawada da takarda ya rubuta ta. Da aka yi mamakin haka, ya nuna musu cewa bai kamata mutum ya daina tsintar ilimi ba har ransa ya fita. An binne shi a cikin gidansa, mutane kuma suka yi watanni suna zuwa kabarinsa suna yi masa salla.

Littattafansa sun ci gaba da tafiya. A 352 (963) Waziri Bal'ami ya mayar da tarihin zuwa Farisanci. An buga shi da Larabci a birnin Laidin na ƙasar Holan daga 1879 zuwa 1901, fassararsa ta Turanci kuma ta cika littafi 39. Tafsirin ya yi wuyar samu na tsawon zamani har wasu suka ɗauka ya ɓata, sai ga shi an buga shi a Alƙahira a farkon ƙarni na 20. Abin da aka rubuta tsakanin azahar da la'asar a wani ɗaki mai jiƙaƙƙen yadi, yau shekara fiye da 1,100 ana karanta shi.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ya kai ɗalibi, ba a ce ka rubuta warƙa 14 ba. Amma ga abin da kowannenmu zai iya.

Ka zaɓi lokaci guda ka ɗaure shi da salla, ko bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha, ya zama na hadda da bita da rubutu. Ka yanka wa kanka ƙa'ida ƙarama wadda ba za ta gagare ka ba ko ranar da ba ka jin daɗi. Shafi ɗaya a rana ya zama shafi 354 a shekara, littafi guda ke nan. Wanda ya bari sai daren jarrabawa ya ce zai haɗiye littafi, ya tuna zafin nema ba ya kawo samu.

Ka san halin kowane lokaci na shekara. Da bazara ka yi karatu mai nauyi da sanyin safiya, ka yi ƙailula idan rana ta take. Da damina, idan akwai aikin gona, ka rage ƙa'idar amma kada ka yanke ta, ko aya biyar ce ka riƙe. Da hunturu dare na da tsawo, ga sanyi, lokacin ƙara hadda ke nan. Da azumi ka ba Alƙur'ani kaso mafi girma. Ka riƙa yawo da ɗan littafi da biro, duk abin amfanin da ka ji daga malam ka rubuta, da dare ka duba. Abin da ka fara kuma ka yi ƙoƙari ka kai shi ƙarshe, ko da sai ka rage girmansa.

Ku kuma iyayenmu, Allah Ya saka muku da alheri, ku tuna da Malam Jarir na garin Amul. Ba a san shi da wani littafi ba, amma duk wanda ya buɗe tafsirin ɗansa sai ya ambaci sunansa. Ba kowa ke da gonar da zai aika da amfaninta ba, amma kowane uba da kowace uwa za su iya bar wa yaro sa'a ɗaya a rana wadda babu aike, babu talla, babu ɗiban ruwa a cikinta, 'ya mace da ɗa namiji duka. Idan waziri guda ya yarda ya bar wa malamin ɗansa lokacin karatu, mu ma za mu iya bar wa 'ya'yanmu.

Allah Ya jiƙan Imam Ɗabari da rahama, Ya gafarta wa iyayensa da malamansa, Ya sa albarka a lokutanmu da karatunmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.